A Gyara Kayan Su Kafin a Kori Masunci daga Ruwa

Tsuntsun da ya shaƙe a cikin kalli, wato ragar kamun kifin da ake shimfiɗawa a bari a ruwa, mushe ne. Ba ya ciwuwa, ba ya sayuwa, kuma kafin a raba shi da raga sai an datse idanu goma ko ashirin, waɗanda masunci zai zauna da yamma ya ɗinke. Tsuntsu ya rasa ransa, mai kalli ya rasa zare da lokaci, babu wanda ya ƙaru da komai. Shi ya sa ban yarda da masu mayar da maganar tsuntsayen ruwa rigima tsakanin talaka mai neman na tuwo da 'yan boko masu son namun daji ba. Magana ce ta kayan aiki: da me aka saƙa su, yaya ake zuba su a ruwa, kuma da wane lokaci. An taɓa warware irinta a wurin da ya fi fadamar Haɗejiya wuya nesa ba kusa ba, wato a bayan manyan jiragen jan taru a tsakiyar teku.

Mai karatu a Guri ko Auyo na iya cewa ina ruwansa da teku. Da ruwansa ta fuska biyu. Ta farko, kifin ƙanƙarar da ake sauke kwalayensa a kasuwanninmu, sukumbiya da shawa da kote da panla, mafi yawansa irin waɗannan jirage ne suka jawo shi. Ta biyu ta fi kusa da gida. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da dajin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma ɗaya daga cikin sababbin gandayen daji na ƙasa. Tun 2008 wurin yake cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma ƙidayar watan Janairun 1997 ta samu tsuntsayen ruwa sama da 300,000 a fadamar da ta tashi daga Haɗejiya zuwa Nguru. Duk inda aka ce gandun ƙasa, mutanen ƙauye sun san abin da ke biyo baya: masu kaki, ƙwace raga, cin tara. Ra'ayina shi ne, kafin a kai ga nan, a fara da abin da aka fara da shi a teku. A gyara kayan su.

Jirgin jan taru yana jan wata ƙatuwar raga a bayansa, bakinta a buɗe, ƙarshenta a tsuke inda kifi ke taruwa. Igiyoyin ƙarfe biyu ne ke riƙe da ita, kowace kaurinta ya kai inci ɗaya ko fiye. Suna fitowa daga injin naɗi, su bi ta kan kura biyu, wato ƙafafun ƙarfe masu juyawa da aka rataye a sama a bayan jirgin, sannan su gangara su shiga ruwa 'yan mitoci daga jikinsa. Can ƙasa kowace igiya tana ɗaure da wani faifan ƙarfe mai nauyi da ake kira ƙofa, wanda ƙarfin ruwa ke turawa gefe don bakin raga ya zauna a buɗe. Jirgin yana tafiya a hankali, kilomita 6 ko 7 a awa, na tsawon awanni, kuma idan panla ake nema ragar takan kasance ɗaruruwan mitoci a ƙasa.

A cikin jirgin ana gyaran kifi ba tsayawa. Ana cire kai da hanji, ana ware ƙanana da waɗanda ba a so, duk ana watsa su ta wata kafa a gefe. Ruwa ya kwashe su ya yi baya da su, daidai inda igiyoyin ƙarfen nan ke shiga ruwa. Nan tsuntsaye ke cincirindo. Babbansu shi ne albatros, wanda a mafi girman nau'insa faɗin fikafikai kan kai mita 3 da rabi. Idan ya sauka yana kokawar abinci da 'yan'uwansa, fikafikansa a ɗage suke, idonsa na kan hanjin kifi. Jirgi ya hau raƙumin ruwa ya sauko, igiyar ƙarfe ta yi sama ta dawo da ƙarfi, ta faɗa kan fiffike. Fiffiken ya naɗe a jikinta, tafiyar jirgi ta danna tsuntsun ƙasa, shi ke nan. Wurin da ya fi muni shi ne inda aka haɗa igiya biyu da saƙa, domin silin waya kan fito tsaye a nan, ga maiƙo, gashin tsuntsu na taɓawa ya maƙale.

Yawancin gawarwakin suna suɓucewa kafin a naɗo igiya. Saboda haka matuƙan jirage sun daɗe suna cewa su ba sa kashe tsuntsu, kuma da gaskiyarsu suke faɗa, domin ba sa gani. Sai da aka zaunar da masu sa ido a bayan jirgi, aikinsu kawai su zuba wa igiyar ido su rubuta duk tsuntsun da ta taɓa. A Afirka ta Kudu, lissafin 2004 da 2005 ya nuna jiragen panla suna hallaka tsuntsaye kimanin 18,000 a shekara. Ga tsuntsu kamar jan baki wannan ba komai ba ne. Albatros kuwa ƙwai ɗaya tak yake yi, wasu nau'o'in sai bayan shekara biyu, wasu ba sa fara haihuwa sai sun doshi shekara goma, kuma uwa da uba ne ke ciyar da ɗa tare. Idan igiya ta ci ɗaya, ɗan da ke sheƙa ma ya tafi. Cikin nau'o'insa 22, 15 suna jerin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu.

Akwai wasu hanyoyin mutuwa biyu. Wasu jirage suna da waya ta uku, siririya, mai kawo wa matuƙi bayanin halin da raga take ciki. Tana shiga ruwa can nesa da jirgi, tana ratsa iska inda tsuntsaye ke shawagi, ga ta da wuyar gani. Sai kuma ragar kanta, lokacin da ake zuba ta ko ake jawo ta, tana kwance a saman ruwa da sauran kifi a maƙale. Tsuntsu ya tsoma kai cikin ido, raga ta miƙe, idon ya tsuke a wuyansa.

Maganin farko ba ya buƙatar ko sisi na sabon kaya, kuma masana sun haɗu a kan cewa ya fi sauran muhimmanci: kada a kira tsuntsun tun farko. Jirgin da ba ya zubar da hanji, tsuntsaye kaɗan ne ke binsa. Mafi kyau a riƙe sharar duka a sauke a tudu, ko a niƙa ta ta zama garin kifi na abincin kaji. Idan babu wurin ajiya, a tara ta a tanki a zubar gaba ɗaya bayan awa biyu, ko aƙalla bayan rabin awa, maimakon a bar ta tana tsiyaya kullum. Tsakanin zubi da zubi tsuntsaye kan watse. Kuma komai matsi, ba a zubar da komai lokacin zuba raga ko jawo ta. Niƙa hanji a watsa shi ruwa-ruwa yana rage manyan tsuntsaye, amma ƙanana suna nan, don haka rabin magani ne.

Magani na biyu shi ne igiyar korar tsuntsaye, kuma duk wanda ya taɓa ganin yara a gonar shinkafa sun ja igiya sun rataya mata ledoji da gwangwanaye ya riga ya gane dabarar. Bambancin shi ne a teku an auna komai. Igiya biyu ake sakawa, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace an ɗaure ta a sama, mita 2 daga kura ta wajen jirgi, yadda igiyoyin ƙarfe za su zauna a tsakaninsu. Uwar igiyar dole ta wuce inda igiyar ƙarfe ke shiga ruwa. A jikinta ake rataya zirin roba masu launi mai ɗaukar ido, ja ko rawaya, tazararsu ba ta wuce mita 5 ba, na kusa da jirgi dogaye, na nesa gajeru, kowanne ya taɓa ruwa idan babu iska. A ƙarshenta ana ɗaura abin ja, galibi balan-balan ɗin roba mai tauri da aka lulluɓe da raga, wanda ruwa ke riƙewa don igiyar ta zauna a miƙe. Ƙa'idar da yarjejeniyar kare albatros ta duniya ke bayarwa ita ce, a kan kowace mita ɗaya ta tsayin kura daga saman ruwa, a saki mita 5 na uwar igiya, a kuma sa kilo 1.2 na nauyin abin ja. Jirgin da kurarsa ke mita 6 daga ruwa ke nan yana buƙatar igiya mita 30 da abin ja kilo 7 da ɗan ɗori. Ana sakinta da zarar ƙofofi sun nutse, a ɗauke ta kafin a fara naɗo raga.

Inda ake samun matsala sananne ne. Idan abin ja ya yi sauƙi, igiya takan yi lanƙwasa, zirin su kwanta a ruwa, labulen ya buɗe. Idan iska ta bugo daga gefe, takan tura igiyar ta bar ta ƙarfe a fili, ko ta naɗe ta a jikinta, kuma matuƙin da igiya ta taɓa sarƙe masa aiki cikin dare ba zai yi marmarin sake saka ta ba. Don wannan ne wani masani a Ajantina, Leandro Tamini, ya ƙera wani ɗan allo mai ƙarfe a ƙasa da ake ɗaurawa a ƙarshen igiyar, wanda ke karkata a ruwa yana janye ta waje, nesa da ta ƙarfe. Rana da gishiri suna cinye launin roba, don haka dole a riƙa sauyawa, a kuma ajiye wata igiyar a jirgi. An gwada wasu dabarun, kamar sandunan ƙarfe da ake miƙawa daga bayan jirgi da igiyoyi na reto a jikinsu, da abin tsoratarwa da ake maƙalawa a kan igiyar ƙarfen kanta. A gwaje-gwajen da aka kwatanta su, igiya mai ziri ce ta fi rage mutuwa.

Ita kuwa raga, kafin a zuba ta ana tsince duk kifin da ya maƙale a idanunta. Sashen da idanunsa suke da faɗi, daga milimita 120 zuwa 800, ana ɗaure shi tamau da igiyar sisal mai sili uku a kowace mita 5, don ya nutse a dunƙule. Idan ƙofofi suka buɗe a ƙasa, ƙarfinsu ne ke tsinka ɗaurin, ragar ta baje inda tsuntsu ba ya kaiwa. Igiyar tsiro ake amfani da ita da gangan, domin tana tsinkewa a daidai lokaci kuma tana ruɓewa a ruwa. Ana ƙara nauyi kusa da ƙarshen raga don ta nutse da sauri. Waya ta uku kuma, hukumar da ke kula da kamun kifi a tekun da ke kewaye da Antatika ta hana amfani da ita tun farkon shekarun 1990, inda ba a hana ba kuwa ana jawo ta ƙasa da wata ƙaramar kura don ta shiga ruwa dab da jirgi.

Sakamakon ba ƙarami ba ne. Afirka ta Kudu ta wajabta igiyar korar tsuntsaye a jiragen panla a 2006, kuma binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna mutuwar albatros ta ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Namibiya ta kafa tata dokar a 2015. A jiragenta masu zuba dogon layin ƙugiya, tsuntsayen da ake kashewa sun sauko daga sama da 22,000 a 2009 zuwa kimanin 215 a 2018. A jiragen jan taru kuwa daga kimanin 7,000 zuwa kimanin 1,450 a 2017. Ba a rufe ruwa ba, ba a kori kowa daga sana'a ba, panla bai daina zuwa kasuwa ba. A lura kuma da tazarar da ke tsakanin lissafin Namibiya guda biyu. Kaya ɗaya ba ya aiki iri ɗaya a ko'ina, kuma igiyar da ke naɗe a lungun jirgi lokacin da ake zubar da hanji ba ta kare komai. Abin da ya kawo nasara abu uku ne a haɗe: mutanen da suka shiga jirgi suka gwada kayan tare da matuƙa, doka mai faɗin mita da kilo, da mai sa ido da ke duba ko an bi.

Mu dawo gida. Babu jirgin jan taru a Tiga ko Challawa, amma muna da kalli, kuma a duniya kalli yana cikin kayan da suka fi cin tsuntsu. Wani ƙiyasi na 2013 ya ce aƙalla tsuntsayen teku 400,000 ke mutuwa a irinsa kowace shekara. Dalili ɗaya ne a can da nan. Kallin da aka saƙa da zaren roba mai sili ɗaya ba ya ganuwa a cikin ruwa. Abin da ya sa masunci ke son sa ke nan, kuma abin da ya sa tsuntsu mai nutso ke afka masa ke nan. Kifin da ya riga ya kamu yana mutsu-mutsu, shi ne koto. A namu ruwan akwai ƙari: ruwa ne marar zurfi, kalli yakan cika shi daga sama har ƙasa, kuma daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ambaliya ke ja da baya su ya yi kyau, lokacin ne agwagin Turai da sauran baƙin tsuntsaye ke sauka su tarar da kirinjijiya da dinya da zalɓe a tafkunan da suka rage. Kowa yana matsuwa a wuri ɗaya.

An gwada gyaran kalli a wasu wurare. A gaɓar jihar Washington ta Amurka, cikin shekarun 1990, an sauya layuka 20 na saman raga da farin zare mai kauri da ido ke gani. Tsuntsayen da ke kamuwa sun ragu da kimanin kashi 40 zuwa 45, kifi bai ragu yadda za a damu ba. Da aka kai farin zaren layi 50, kifi ya gudu, kamu ya faɗi ƙwarai. Wannan gwajin ya kuma nuna cewa da ketowar alfijir tsuntsaye suka fi kamuwa. A Peru an rataya ƙananan fitilu masu koren haske a kowace mita 10 ta raga, tsuntsaye masu nutso da ke kamuwa suka ragu da kusan kashi 85, kifin da ake nema bai ragu ba. Fitila da batir sun yi wa masuncin Miga tsada, na yarda. Farin zare bai yi ba.

Aikin farko a nan ƙidaya ce, irin wadda aka yi a bayan jiragen Afirka ta Kudu. Muna da jami'ar tarayya a Dutse, da ta jiha a Kafin Hausa, da Jami'ar Bayero a Kano, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa. Ɗalibi ya bi masunci a kwalekwale daga Nuwamba zuwa Maris, kowace safiya ya rubuta abu shida: irin kaya, faɗin ido, lokacin zubawa da na cirewa, zurfin wurin, nauyin kifi, da tsuntsun da aka samu, a raye ko a mace. Sharaɗin wannan aiki shi ne kada abin da aka rubuta ya zama hujjar kama kowa. Ranar da aka ci tarar mutum ɗaya da littafin ɗalibi, daga ranar duk tsuntsun da ya mutu za a cusa shi cikin kacalla kafin a iso gaɓa.

Gwajin kansa ba shi da wuya. A samu kalli biyu masu tsawo ɗaya da ido ɗaya. Ɗaya a bar shi yadda yake, ɗaya a sauya masa layukan sama da farin zare mai kauri. Tunda namu kallin bai kai na teku zurfi ba, layi 20 ya yi yawa, a fara da uku zuwa biyar. A zuba su kusa da juna, kowace rana a musanya musu wuri, don kada a ce wannan gefen ne ya fi kifi. A auna kamun kowanne a sikeli a gaban mai kallin. Idan kifi ya ragu yadda mai shi zai ji a aljihunsa, a rage layukan a sake gwadawa. Kayan da ke rage wa masunci abinci ba zai kwana biyu a ruwa ba, ko da soja aka tsayar a kansa.

Inda ruwa ya kai tsayin mutum ko fiye, kamar a madatsun ruwa, akwai wata dabarar: a nutsar da igiyar sama. Maimakon a ɗaura mata soso ko yankan silifa kai tsaye, a rataye ta daga masu iyo da gajerun igiyoyi na rabin mita, a ƙara dalma a ƙasa. Agwagwar da ke kiwo a saman ruwa za ta wuce ta kanta lafiya. Wannan ba ya kare mai nutso mai zurfi, kuma a inda tarwaɗa ke tasowa shan iska yana iya sauya irin kifin da ake samu, don haka shi ma sai an auna. Layin ƙugiya mai koto kuma a sa masa dalma ko dutse bayan kowace ƙugiya goma don ya kwanta a ƙasa, a zuba shi bayan magariba, kada a bar koto yana reto a ruwan da bai wuce gwiwa ba, inda zalɓe ke takawa. Darasin hanji ma namu ne. Wurin da ake fede kifi a wanke kafin banda ya yi nesa da inda raga ke kwance, hanjin a binne ko a ba kaji.

Abin da ya fi damuna shi ne tsohuwar raga. Zaren auduga na da yana ruɓewa. Na roba yana shekaru a ruwa. Kacalla ta cika hanyoyin ruwa a fadamar nan, kalli na shiga cikinta ya sarƙe, mai shi ya ja ya gaji, ya yanke abin da zai iya ya bar sauran. Wanda aka bari yana ci gaba da kamu dare da rana, kifi ya mutu a ciki ya ruɓe, warinsa ya jawo wani abin, shi ma ya kamu, kuma babu mai zuwa dubawa balle ya saki na raye. Wata tsohuwar ragar kuma a gonar shinkafa take ƙarewa, an shimfiɗa ta don jan baki. Manomi yana da gaskiyarsa, jan baki na iya cinye wahalar shekara a 'yan kwanaki. Amma raga ba ta tambayar sunan tsuntsu, tana kama balbela da sauran masu cin fara da tsutsa tare da ɓarawon. Wanda ya shimfiɗa ta, wajibinsa ne ya zagaya safe da yamma, ya kuma naɗe ta ranar da ya gama girbi.

Wanda ya tarar da tsuntsu da rai a raga, abu na farko ya rufe masa kai da tsumma, zai natsu. Ya riƙe baki ba tare da toshe hanci ba, ya haɗe fikafikan a jiki. Da zalɓe a yi hattara sosai, ido yake nema, a riƙe wuyansa ta sama kafin a sunkuya. A yanke zaren, kada a ja ƙafa ko fiffike ta cikin ido. Idan ƙugiya ce a baki ko a ƙafa, a tura ta gaba har kaifin ya fito, a datse shi da filaya, sannan a zare ta baya. Idan ya haɗiye ta, kada a ja, a yanke zaren dab da baki. Tsuntsun da ya jiƙe sharkaf a ajiye shi a inuwa cikin kwando har ya bushe, in ba haka ba sanyi ko ruwa zai ƙarasa shi. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu, tun 2006 murar tsuntsaye take zagayawa a ƙasar nan.

Na san abin da wasu masunta za su ce: tsuntsu kishiya ne, kifi yake ci. Yana ci, babu musu. Amma tsuntsaye suna wannan fadama tun kafin kakanninmu, lokacin da kifi ya fi na yau yawa. Abin da ya sauya shi ne ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da kifi ke bi ya hayayyafa a cikin ciyawa ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyi, idon raga ya yi ta ƙanƙancewa har ya kai ga ana jan gidan sauro a ruwa. Dokar kamun kifin cikin ƙasa ta 1992 ta hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci uku, in ban da wasu keɓaɓɓun kaya. Raga mai ƙaramin ido tana kwashe 'ya'yan karfasa a dare ɗaya fiye da abin da garken tsuntsaye zai ci. Kashin tsuntsu kuma taki ne ga ruwa, shi ke ciyar da ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci. Malamanmu ma suna karantar da cewa wanda ya kashe ko da ɗan tsuntsu ba da haƙƙi ba za a tambaye shi, kuma mutuwar da ba ta ciyar da kowa ba tana da wuyar karewa.

Ga hukumomi kuwa, roƙona kada a rubuta doka kafin gwaji. Dokar da ta ce a kiyaye tsuntsaye ba ta ce komai ba, sai dai ta ba mai kaki damar fassara ta yadda ya so a bakin ruwa. Dokar da ta yi aiki a teku ta faɗi tsawo da tazara da nauyi, yadda matuƙi da mai dubawa za su iya ɗaukar awo su daidaita. Tamu ma ta zama haka: layi nawa na farin zare, tazara nawa daga bishiyoyin da tsuntsaye ke kwana, wata nawa a shekara. A rubuta ta da Hausa, a bi da ita ta hannun sarakunan ruwa, domin su ne suka san wanda ke da kalli a kowane tafki, kuma maganarsu ce ake ji idan ma'aikaci ya koma gari.

Saƙar kayan ma sana'a ce. A Namibiya wata ƙungiyar mata ce a garin Walvis Bay ke haɗa igiyoyin korar tsuntsaye tana sayar wa jirage, a Afirka ta Kudu kuma ƙungiyar masu buƙata ta musamman ce a yankin Cape Town. Haɗejiya ba ta rasa masu saƙa da ɗinkin raga ba. Gwamnatoci da 'yan siyasa kan raba wa masunta raga da ƙugiya da kwalekwale da sunan tallafi. Kuɗin da za a kashe an riga an ware shi, abin da ya rage shi ne irin ragar da za a saya. Wadda za a raba nan gaba ta kasance mai ido inci uku, an ɗinka mata farin zaren a gida gwargwadon abin da gwaji ya nuna, kuma kada a miƙa wa kowa sabuwa sai ya ajiye tsohuwarsa a gaban sarkin ruwa an auna ta a sikeli.